Kafin a Kai Iyali Hutu Zanzibar, a Tambayi Biza a Tambayi Teku

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu yi magana a kan tafiyar da ta fara shiga ran magidanta masu ɗan hali a 'yan shekarun nan, wato kai iyali hutu tsibirin Zanzibar. Da zarar dogon hutun makaranta ya ƙarato, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sai tallace-tallace su cika waya: farin yashi kamar an tankaɗe, ruwa shuɗi garai-garai, bishiyar kwakwa ta sunkuyo. Hoton gaskiya ne, amma an ɗauke shi ne a sa'ar da teku ya cika. Mai talla ba zai gaya maka cewa bayan awa shida ruwan nan zai iya janyewa har ka daina hango bakinsa ba, kuma ba zai gaya maka cewa fasfon da ke aljihunka yana da nasa sharaɗi dabam ba. Waɗannan biyun su ne suka fi ɓata wa iyalai tafiya, shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Zanzibar wani ɓangare ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, kodayake tana da gwamnatinta ta cikin gida. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ake nufi idan an ce za a je Zanzibar hutu. Bizar Tanzaniya ake shiga da ita. To, Najeriya da Nijar da Chadi suna cikin jerin ƙasashen da hukumar shige da fice ta Tanzaniya ba ta ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi. Sai an cika takarda ta intanet, an miƙa ta ga hukumar ta duba, an jira amincewa. Wannan jiran yakan ci makonni, kuma shawarar da ake bayarwa ita ce a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma a yanki tikiti sai amincewa ta fito. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake son tashi a Agusta, a watan Mayu ya kamata takardunsa su shiga. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga tikiti mai araha a saye, a biya otal kuɗin da ba a mayarwa, sannan a waiwayi biza. In ta makara, kuɗi sun tafi, yara kuma sun riga sun gaya wa duk 'yan ajinsu.

Kowane fasfo da bizarsa, har na jariri. Kuɗin bizar yawon buɗe ido ta yau da kullum dala 50 ne, saboda haka gida mai mutum shida ya ware dala 300 tun kafin a yi maganar jirgi. A duba kowane fasfo a tabbatar yana da sauran wata shida ko fiye daga ranar shiga. Na yara ne aka fi mantawa da shi a cikin akwati har wa'adinsa ya cika. Sunan da ke kan tikiti ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, don Muhammad da Mohammed mutum biyu ne a idon kwamfuta. In uwa ce kaɗai za ta tafi da yara, ko akwai ɗan riƙo a cikin tawagar, a riƙe takardar haihuwa da wasiƙar amincewar iyaye.

Sai katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, kamar Najeriya, za a iya tambayarsa a ƙofar shiga. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ana yi wa yaro daga wata tara. A je a yi allurar ta gaske. Katin da aka saya a bayan fage ba ya kare kowa daga sauro. Bayan wannan, tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga baligi, tana aiki har kwana 92, ko da mutum yana da wata inshorar daga gida. A saya ta intanet kafin a tashi, a buga takardar a haɗa da fasfo.

Daga arewa sai an yada zango. Hanyar da aka fi bi ita ce Ethiopian Airlines ta Adis Ababa, ko Kenya Airways daga Legas ta Nairobi, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume da ke gefen birnin Zanzibar. Mai yara ya fi duba tsawon zangon fiye da rarar kuɗin tikiti: awa biyu zuwa huɗu daidai ne, ƙasa da haka kaya na iya makalewa, fiye da haka yara su galabaita a kan benci. A jakar hannu a sa kayan canji na kwana ɗaya, famfas, madarar jariri da duk maganin da wani yake sha kullum. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake tafiya da kuɗi kaɗan, amma in zai cika biyu kafin ranar dawowa sai an saya masa kujera. Mai juna biyu da ta wuce mako 28 ta nemi takardar likita. Akwai kuma masu sauka Darussalam su hau jirgin ruwa mai gudu, tafiyar kamar awa biyu. A watannin Yuni zuwa Agusta iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa, teku yana tashi, musamman da yamma, yara suna ta amai. In dole ne, a hau na safe.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi zaɓen otal muhimmanci: wane gefe na tsibirin za a sauka.

Teku yana cika sau biyu yana janyewa sau biyu a kowace rana. Tsakanin cika da janyewa awa shida ne da 'yan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kamar minti 50. A gabashin Unguja, wato Matemwe, Kiwengwa, Pongwe, Uroa, Bwejuu, Paje da Jambiani, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne har zuwa wani shingen murjani da ke can nesa. Idan ruwa ya ja, yakan bar fili na ɗaruruwan mita, wani wuri fiye da kilomita guda, sai duwatsu da ƙananan kududdufai da gonakin ciyawar teku da matan ƙauyukan suke nomawa a kan igiyoyi. A lokacin babu wanka, sai dai yawo. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, ƙasa tana gangarawa da sauri, saboda haka ruwa yana kusa kusan duk yini. Kendwa ce aka fi sani da wannan. Kowanne da aibinsa. Gabas ta fi shiru, ta fi iska, kuma idan ruwa ya cika ba shi da zurfi a kusa da baki. Arewa ta fi cunkoso da kaɗe-kaɗen dare, kuma taku kaɗan yaro zai yi ruwa ya shanye kansa. A ganinmu, gida mai ƙananan yara da ba su iya ninƙaya ba ya fi samun natsuwa a gabas, a otal mai kwamin ninƙaya na yara, muddin an san jadawalin ruwa. Gida mai samari da 'yan mata da suke son shiga teku kowane lokaci ya nufi arewa. Paje kuwa a watannin nan cike take da masu wasan lilo da iska a kan ruwa, igiyoyinsu na gilmawa ta ko'ina. Mai ɗan shekara uku ya matsa gaba ko baya.

A nan mai lissafin watan Musulunci ya fi Bature sauƙi. Janyewar ruwa tana bin wata ne. A farkon wata da kuma kwanakin 14 zuwa 16, cika tana kai maƙura, janyewa ma haka, har tazarar tsayin ruwa takan kusanci mita huɗu. A waɗannan kwanaki ruwa yakan tafi tun da hantsi zuwa tsakar rana, ya dawo wajen la'asar. A kwanakin 7 zuwa 8 da 22 zuwa 23 kuwa tazarar ƙarama ce, ruwa ba ya nisa sosai. Duk otal na kirki yana liƙa jadawalin cika da janyewa a wurin karɓar baƙi. A ɗauki hotonsa a waya ranar da aka sauka, a tsara yini a kansa: wanka idan ya cika, kasuwa ko barcin rana idan ya ja.

Haɗarin da baƙi ba su sani ba yana cikin wannan fili da ruwa ya bari. Sai a ga wuri a bushe, a kwashi yara a nufi shingen murjani ana tsintar kwanson dodon koɗi. Idan ruwa ya juyo, ba daga gaba kawai yake zuwa ba. Yana fara cika kwaruruka da ramukan da ke bayanka, tsakaninka da tudu. Kafin ka ankara inda ka ratsa da ruwa iya idon sawu ya kai ƙugu, ga yaro a kafaɗa. Ƙa'idar ita ce a fita kamar awa ɗaya kafin ƙarshen janyewa, a juyo da zarar lokacin da jadawali ya nuna ya cika, kuma a tafi da ɗan gari. Kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa da kauri a ƙasa, ba silifa ba, saboda bushiyar teku, wata baƙar halitta mai ƙayoyi dogaye da ke laɓewa a tsakanin duwatsu. Ƙayarta tana karyewa a cikin nama. In an taka, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai zafin da za a iya jurewa na minti 30 ko fiye, a cire waɗanda suka fito da matsefata a hankali, kada a tona da allura don ƙara farfashewa suke yi. In ta shiga gaɓa, ko wurin ya kumbura ya yi ja bayan kwana ɗaya ko biyu, sai asibiti. Yankan murjani ma, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu sosai, don yana saurin ruruwa. Akwai kuma wata halitta mai kama da farar leda da ke yawo a ruwa tana harbi. In ta taɓa yaro, a wanke da ruwan teku, kada a zuba ruwan sha kuma kada a murza, domin duka biyun suna sa ragowar dafin ya fashe.

Mu faɗi gaskiya, yawancin yaranmu ba su iya ruwa ba, iyayen ma haka. Wanda ya iya ɗin a kogi ko dam ya koya, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Teku yana da wata ja da ke kwasar mutum daga baki ta yi ciki da shi, musamman a inda shingen murjani ya tsage. Wanda ta kama, in ya ce zai yi kokawa da ita ya nufo tudu kai tsaye, gajiya za ta kayar da shi. Abin yi shi ne ya bar jikinsa ya taso, ya yi iyo a gicciye, yana bin tsawon gaɓa har ya fita daga cikinta, ya ɗaga hannu a gan shi. Yawancin bakin tekun tsibirin babu ma'aikatan ceto, kada a ɗauka akwai mai kallo. Nutsewar yaro ba ta da ihu ba ta da fantsama. Shiru yake yi, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Mun san yadda taron gida yake: uwa ta ɗauka yana wurin uba, uba ya ɗauka yana wurin yayarsa, yaya tana ɗaukar hoto. A naɗa babba guda da sunansa, a ce daga yanzu zuwa rabin awa kai ne mai ido, ba waya ba hira, sannan ya miƙa wa wani baki da baki. Yaro ƙasa da shekara biyar kada ya wuce inda hannu zai kai gare shi, ko a kwamin otal ne. Robar hannu da ake hurawa da tayar wasa kayan wasa ne, iska ma tana iya tura su ciki da yaron a kai. Abin dogaro shi ne rigar ceto daidai nauyin yaro, mai ɗamara ta tsakanin cinyoyi. A gwada: a ɗaga yaron ta kafaɗun rigar, in ta zame ta rufe masa kunne, ta yi masa yawa. Gara a saya tun daga gida, don masu kwalekwale na manya suka fi ajiyewa.

Ga iyaye mata da 'yan mata akwai magana ta musamman. Abaya, dogon hijabi da zanin atamfa idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, igiyar ruwa kuma ta tura mayafi ya rufe fuska. Ana samun kayan ninƙaya masu rufe jiki duka, riga da wando da hula, na yadi mara shan ruwa. A nema kafin a tafi. Babu wanda zai kalle su baƙon abu a can, don mutanen tsibirin Musulmi ne mafi rinjaye, kuma hukuma da kanta tana roƙon baƙi su rufe daga kafaɗa zuwa gwiwa a cikin gari da ƙauyuka. Sai dai a sani, a bakin tekun otal Turawa suna nan da shigarsu ta wanka. Magidancin da wannan zai dame shi ya nemi gida mai katanga da kwaminsa na kansa, ya huta da ɓacin rai.

Tunda an zo maganar masauki, a karanta haruffan da ke jikin farashi. BB kwana ne da karin kumallo. HB an ƙara abincin dare. FB sau uku ne, ban da abin sha. AI an haɗa komai, kuma babban kaso na kuɗinsa na barasa ne. Gidan da ba a sha yana biya wa wasu ne kawai. Ga irinmu HB ko FB ya fi, sai a tambaya ko ruwan gora yana ciki, domin a nan ake yanka baƙo. Kowane ɗaki yana da iyakar mutanen da aka yarda su kwana, galibi manya biyu da yaro ɗaya ko biyu, kuma otal da yawa suna lissafa ɗan shekara 12 a matsayin babba. Ba a shimfiɗa tabarma a ƙara mutum kamar a gida. Mai mata biyu da yara bakwai da mai aiki ya nemi gida sukutum mai ɗakin girki, sau da yawa ya fi ɗakuna huɗu araha. In ɗakuna ne, a nemi masu ƙofa a tsakani, a kuma sa su rubuta, don "kusa da juna" na iya zama hawa daban. Wasu otal ba sa karɓar yara kwata-kwata. Akwai harajin gwamnati da ake karɓa kan kowane mutum kowane dare, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin talla. Misali in dala 5 ne, aka lissafa mutum shida na dare bakwai, dala 210 ke nan a ranar fita. Kafin a tura kafin alƙalami ta hannun eja, a rubuta wa otal ɗin kai tsaye a tabbatar da sunanka da ranakunka suna littafinsu, a kuma san ranar ƙarshe da za a iya fasawa a karɓi kuɗi. Yuli da Agusta lokacin hutun Turai ne, farashi yana sama, ɗakunan iyali ne suke fara ƙarewa.

Yanayin kansa yana da daɗi. Tsibirin yana kudu da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka lokacin da damina ta kankama a Kano da Maraɗi, can rani ne mai sanyi-sanyi, zafi bai cika wuce digiri 30 ba. Babban ruwansu daga Maris zuwa Mayu yake, ƙarami kuma wajen Nuwamba. Wannan iska mai daɗi ita ke ruɗin mutane, rana tana cin fata ba a ji. Baƙar fata ma tana ƙonewa ta saɓule, mai shafa man bilicin kuwa abin ya fi muni. A nemi man kare fata mai lamba 30 ko sama, a shafa minti 20 kafin a fita, a maimaita duk awa biyu da kuma bayan an fito daga ruwa, har kunne da bayan wuya da saman ƙafa. Jariri ƙasa da wata shida a bar shi a inuwa. Daga goma na safe zuwa huɗu na yamma ne rana ta fi kaifi.

Ruwan famfo ba na sha ba ne, wani wuri ma gishiri-gishiri yake. Da na gora za a haɗa madarar jariri. Gudawa ita ce ta fi kwantar da yara. A tafi da ƙunshin gishiri da sukari na kemis, a karanta adadin ruwan da aka rubuta a jiki, don wani na lita ɗaya ne wani na rabi. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata shida. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu ƙwarai a tsibirin amma bai ƙare ba, a saki gidan sauro tun magariba. Babban asibitin gwamnati, Mnazi Mmoja, a cikin birni yake, kuma daga Nungwi tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, daga Paje kamar awa ɗaya. Mai yaro mai asma ko sikila ya sa wannan tazara a lissafin zaɓen masauki.

Abinci ba zai ba Bahaushe wahala ba: shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi da suke kira pilau, biriyani, gurasar chapati, kifi gasasshe, miyar kwakwa. Nama a cikin gari yankan Musulmi ne, amma a manyan otal na baƙi a tambaya, don wasu suna ajiye naman alade kuma suna girki da giya. Yaron da bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba a fara ba shi kaɗan da rana, a ga ko jikinsa zai karɓa. Kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi maganar asibiti ce nan take. A kasuwar dare ta Forodhani da ke cikin birni a ci abin da aka gasa a gabanka, a bar kifin da aka jera tun yamma. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa. A watan Maris 2024 yara takwas da babba ɗaya sun rasu a Pemba bayan sun ci shi, kuma dafinsa ba ya mutuwa da dafuwa.

Abu biyu suna rikita baƙo daga ƙasar Hausa. Mun saba alƙibla gabas ce, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A Zanzibar Makka tana arewa kusan sak. Wanda ya kalli fitowar rana ya kabbara, tekun Indiya ya fuskanta. A tambayi ma'aikaci ko a duba masallacin ƙauye. Mafi yawan mutanen tsibirin Shafi'awa ne, za a ji liman yana bayyana bisimilla. Na biyu agogo. Suna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, sannan a Swahili daga fitowar rana ake fara ƙirga awa. In direba ya ce saa moja asubuhi, wato awa ɗaya na safe, ƙarfe bakwai yake nufi. Saa nne ƙarfe goma ne. Duk alƙawarin mota ko kwalekwale a rubuta shi da lambobi a waya, a nuna masa ya gyaɗa kai. Harshen dai ba zai yi baƙunta sosai ba, Larabci ya haɗa mu: sabuni sabulu ne, habari labari, asubuhi asuba. A koya wa yara su ce wa dattijo shikamoo, zai amsa da marahaba.

Kuɗinsu shilin ne, kuma da shi ake cinikin yau da kullum. A tafi da dala sababbi, don wadda aka buga kafin 2009 ko mai yagewa masu canji suna ƙi. Kada a dogara da katin naira. Injin cirar kuɗi a birni ya fi yawa, a ƙauyukan bakin teku ɗai-ɗai ne. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, mutanen Nijar su riƙo mahaɗi. An hana shiga da ledar zuba kaya a Tanzaniya tun Yuni 2019, a zuba tsaraba a jakar yadi. A shirya motar ɗauka daga filin jirgi ta hannun otal, a yanke kuɗi tun kafin a hau.

Fita yawo kada ta wuce ɗaya a yini, da kwanan hutu a tsakani. Tsohon birni, Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, rabin yini ya isa: lungunansa za su tuna wa mutum cikin Kano, ga ƙofofi masu sassaƙa, ga cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873. Keken jariri ba ya aiki a lungunan, goyo ya fi. Daga nan kwalekwale minti 30 zuwa tsibirin Changuu, inda manyan kunkuru suke. A dajin Jozani akwai jan birin da babu irinsa sai a tsibiran nan. Kada a ba shi abinci. Gonakin kayan ƙamshi sun fi burge iyaye mata, su ga bishiyar kanumfari da kirfa a tsaye. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin akwai masallaci mai rubutun da ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Fita kallon dolfin, wata dabbar teku mai kama da babban kifi, a can kuwa a ƙaramin kwalekwale ake yi da sassafe cikin teku mai tashi a wannan lokaci, ba mu ga dalilin kai ƙaramin yaro ba. Samarin da ke tallar yawo a bakin teku, waɗanda ake kira papasi, wasunsu na kirki ne, amma kada a ba da kuɗi gaba ɗaya tun jiya. A ga kwalekwalen da ido, a ƙirga rigunan ceto, a ƙirga mutane, a tambaya ko akwai rumfa. In ya cika maƙil a sauka a jira wani.

Ranar dawowa ana sallamar ɗaki wajen goma ko sha ɗaya na safe, jirgi kuma sau da yawa sai yamma ko tsakar dare. A roƙi ƙarin awoyi tun ana gobe, ko a ajiye kaya a wurin karɓar baƙi a ware tawul da kayan canji a jaka ɗaya. Daga Nungwi a bar otal awa biyar kafin tashin jirgi. A zazzage aljihun yara, domin murjani da manyan kwanson teku ba a fita da su ba tare da izini ba, za a ƙwace a filin jirgi. Kanumfari da kirfa da zanin kanga dai babu mai hana ka, sai nauyin akwati, kilo 23 kowace.

Wassalam.

Wasu masu karatunku,
Kano